Binciken salsalar dangi: kowa ya faɗi yadda ya yi

Binta: Assalamu alaikum. Ina so in rubuta tarihin gidanmu tun manyanmu suna raye, amma sanina bai wuce kakan mahaifina ba. Waɗanda suka taɓa wannan aiki, ta ina kuka fara?

Malam Isiyaku: Wa alaikumussalam. Binta, ajiye intanet tukuna, ki nemi wanda ya fi kowa tsufa a danginku, musamman mata. Yawancin abin da na tara daga bakin ƙanwar kakana ya fito. Maza sukan jero uba da kaka su tsaya, ita kuwa ta san wa ya auri wa, wace ce ta fita, wane yaro ne ya tashi a hannun wani. Kada ki ce mata "ba ni tarihi", shiru za ta yi. Ni tsohon hoto na sa mata a hannu na ce, wane ne wannan dogon na gefe? Sai ga sunaye suna zuba. Ki nemi izininta ki naɗi muryar a waya, hannu ba ya cim ma baki. Kowane bayani kuma ki rubuta wanda ya faɗa miki da ranar. In mutum biyu suka saɓa, ki ajiye maganar kowa.

Hadiza: Ni shekaru ne suka ba ni wahala. Tsofaffi ba sa riƙe lamba, abin da ya faru suke riƙewa. An ce min an haifi kakar mahaifiyata shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito, kuma ta yi wayo lokacin babbar annobar mura. Tauraruwar Halley ta bayyana a 1910, annobar kuwa 1918 ce, sai lissafi ya zauna.

Auwal: Haka ne Yaya Hadiza. Ni a bangon wani littafin kakana na tarar ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da shekarar Hijira. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka sai a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Misali 1350 ta faɗo wajen 1931 zuwa 1932. A duba bangon littattafai da ƙasan akwati, nan irin wannan yake ɓuya.

Malam Isiyaku: Ƙarin bayani: a riƙa auna jerin da aka ba ku. Tsakanin uba da ɗa yawanci shekara 25 zuwa 35 ne. In aka ba ki suna biyar aka ce sun cinye shekara 300, to an tsallake wasu. Galibi masu suna iri ɗaya ne ake haɗewa su koma mutum guda, kaka da jikan da ya ci sunansa.

Zainab: Na gwada FamilySearch, wani shafin intanet da ke tara tsofaffin takardu don binciken dangi, kyauta ne. Sai dai a nemi suna ta kowace fuska, don magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Muhammad, Mohammed, Mamman, duk mutum ɗaya. Na kuma yi gwajin DNA. Wanda aka fi yi yana nuna dangi zuwa kamar hawa biyar ko shida, amma ba ya ba da sunan kakan kowa, sai dai ya haɗa ka da wasu da su ma suka yi gwajin. Yana iya tono abin da gida ya rufe, don haka a yi shawara da manya kafin a aika samfurin gwajin.

Binta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ƙanwar kakata tana nan amma ba ta jure dogon zama. In tara tambayoyin a zama ɗaya ne?

Malam Isiyaku: A'a, ki rarraba. Rabin awa ya isa, ki koma bayan kwana biyu. Abin da ta manta yau, kafin ki dawo ta tuno shi har da ƙari.