Yankin Ruhr na Jamus: yaya ya zama cibiyar ƙarafa alhali ba shi da wadatacciyar tama?

Ɗan Maƙera ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni jikan maƙeri ne, ko da yake masaba da awartaki sun kuɓuce mini, yanzu rodi da ƙarfen rufi nake sayarwa. Kakana ya sha ba mu labarin yadda a da ake haƙo tama a gindin dutse, a gina tanderun yumɓu a nan kusa, a ƙona itace a yi gawayi, sannan a kwana ana zuga har ƙarfe ya taru. Saboda haka abin da na tashi da shi a kaina shi ne, inda tama take, nan ake narka ta.

To, kwanan baya na kalli wani shiri a kan yankin Ruhr da ke yammacin Jamus, inda aka ce shi ne ya riƙe masana'antun ƙasar fiye da shekara 100, amma mafi yawan tamar da aka narka a can daga wasu wurare aka ɗauko ta, har da Suwidin. Abin ya ɗaure mini kai. Me ya sa za a ɗauko dutse mai nauyi daga uwa duniya maimakon a kafa tanderu a bakin raminsa? Kuma idan wurin yana da wani sirri, me ya sa aka rufe galibin masana'antunsa daga baya? Ina roƙon masana su warware mini, Allah Ya saka da alheri.

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Maƙera. Abin da kakanka ya gaya maka daidai ne, kuma a Ruhr ɗin ma haka aka faro. Masana'antar narka ƙarfe ta farko a yankin, wato St. Antony da ke cikin Oberhausen ta yau, an kunna ta a 1758 domin akwai 'yar tama a fadamun wurin, kuma da gawayin itace take aiki. A wancan zamani Essen da Bochum da Dortmund ƙananan garuruwa ne a tsakiyar gonaki.

Abin da ya juya lissafin shi ne kwal. Tun a 1709 Abraham Darby ya nuna a Ingila cewa idan aka gasa kwal ba tare da iska ba, hayaƙinsa da kwaltarsa suka fita, abin da ya rage yana iya maye gurbin gawayi a cikin tanderu. Amma ba kowane kwal ne yake gasuwa haka ba, kuma mai kyan na Ruhr yana can ƙarƙashi, a bayan wani shimfiɗaɗɗen dutse mai riƙe ruwa. Sai a shekarun 1830, da aka sami injunan tururi masu janye ruwa daga rami, 'yan kasuwa irin su Franz Haniel suka huda wannan dutse. A 1847 layin dogo na Kolon zuwa Minden ya ratsa yankin, a 1849 kuma aka kunna babban tanderu na farko mai aiki da gasasshen kwal a Mülheim. A wancan lokaci, kafin a narka tama, a tace ƙarfen, a mulmula shi, kwal ɗin da ake ƙonawa ya fi tamar nauyi nesa ba kusa ba. Wanda zai yi dako kuwa, mai sauƙin yake ɗauka ya kai wa mai nauyin. Amsar tambayarka ta farko ke nan.

Ba wai babu tama kwata-kwata ba. Wajajen 1850 an gano wata iri a tsakanin shimfiɗun kwal ɗin, kuma dominta aka kafa masana'antar Henrichshütte a Hattingen a 1854, sai dai ba ta daɗe ba ta kasa ƙosar da tanderun. Daga nan aka koma ɗaukowa daga Siegerland da ke kudu, sannan daga Sifen da Lorraine da arewacin Suwidin.

Gidan da ya fi suna shi ne na Krupp a Essen. Friedrich Krupp ya kafa shi a 1811, ya rasu a 1826 cikin bashi, ya bar wa ɗansa Alfred mai shekara 14 ma'aikatan da ba su kai 10 ba. Jama'a sun fi sanin gidan da igwa, amma abin da ya fara tsayar da shi da ƙafafunsa shi ne zoben ƙafar jirgin ƙasa marar mahaɗi, wanda ba ya tsagewa da gudu, shi ya sa tambarin Krupp ya zama zobe uku. Lokacin da Alfred ya rasu a 1887, ma'aikatansa sun kai wajen 20,000. A 1871 August Thyssen ya fara nasa a Mülheim, a shekarar kuma dangin Hoesch suka kafa tasu a Dortmund. Hannayen da ake buƙata sun fi ƙarfin mutanen wurin, don haka dubban ɗaruruwan masu jin harshen Poland suka yi ƙaura daga gabas. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 Jamus ta wuce Ingila wajen yawan tataccen ƙarfe.

Duk wanda ya riƙe wannan yanki ya riƙe maƙoshin Jamus, kuma maƙwabtanta sun san haka. A watan Janairun 1923 sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye shi saboda Jamus ta gaza biyan diyyar yaƙin duniya na ɗaya, ma'aikata suka ƙi aiki, gwamnati ta yi ta buga kuɗi tana biyansu har takardar kuɗin ta zama banza. A yaƙin duniya na biyu an tilasta wa fursunoni da mutanen ƙasashen da aka ci aiki a masana'antun, abin da ya sa kotun Nuremberg ta yanke wa Alfried Krupp ɗaurin shekara 12 a 1948, ko da yake an sake shi a 1951. A wannan shekara ta 1951 ne ƙasashe 6 suka sa hannu a Paris kan haɗa harkar kwal da ƙarafansu ƙarƙashin hukuma ɗaya, kuma daga wannan tushe Tarayyar Turai ta tsiro.

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Allah Ya ƙara wa Malam ilimi. Ban musanta ko ɗaya daga cikin bayanansa ba, amma a ganina ya ba kwal fiye da rabonsa. Da kwal kaɗai ne sirrin, da Dortmund ba ta rasa tanderunta ba alhali Duisburg tana nan tana narkawa, domin duka biyun a kan kwal ɗaya suke zaune.

Bari in fara da abin da ɗan'uwanmu zai gane a matsayinsa na jikan maƙeri. Abin da yake fitowa daga babban tanderu ɗanyen ƙarfe ne mai ɗauke da kabon wajen kashi 4 cikin 100, wanda idan ka sa masa masaba fashewa zai yi kamar tukunya. Sai an rage kabon ɗin yake zama tataccen ƙarfe mai lanƙwasuwa. A 1856 Henry Bessemer ya fito da dabarar hura iska cikin narkakken ƙarfe, aikin da a da yake cin yini ya koma na wajen minti 20, Krupp kuma ya ɗauke ta a 1862. Aibinta ɗaya ne: ba ta cire sinadarin fosfaras, ƙarfe mai fosfaras kuwa idan ya ji sanyi karyewa yake yi, ga shi tamar Lorraine da mafi yawan ta Suwidin cike suke da shi. Sidney Thomas da ɗan'uwansa Percy Gilchrist ne suka warware matsalar, ta hanyar shafe cikin tukunyar da dutsen dolomayit da zuba farar ƙasa, sai fosfaras ɗin ya bi kashin ƙarfe ya fita. A 1879 aka fara aiki da wannan dabara a Hörde, kusa da Dortmund, da kuma kusa da Duisburg. Kashin ma bai tashi a banza ba, niƙa shi ake yi a sayar wa manoma a matsayin taki. Turawan Ingila suka ƙirƙiro ta, amma Jamusawa suka fi cin moriyarta.

Da zarar ka dogara da tamar waje, to hanyar da za ta iso maka ita ce rayuwarka. A nan hangen Thyssen ya fito fili: a 1891 ya fara narka ƙarfe a Bruckhausen, dab da kogin Rhine, inda jirgin ruwa zai taso daga tashar teku ta Rotterdam ya sauke tama a ƙofar tanderu. Mutanen Dortmund, da suke can gabas babu babban kogi, sai da aka haƙa musu mashigin ruwa zuwa kogin Ems, wanda aka buɗe a 1899, amma mashigi ba ya ɗaukar abin da Rhine yake ɗauka. Da fasaha ta ci gaba har tanderu ya koma cin ƙasa da rabin tan na gasasshen kwal a kan kowane tan na ƙarfe, sai dalilin zama a kan ramin kwal ya gushe, bakin ruwa ya zama shi ne abin nema. Kwal ɗin Ruhr kansa, da ake bi ƙasa fiye da mita 1,000, ya fi wanda ake kawowa daga Amurka da Ostareliya tsada.

Daga 1958 aka fara rufe ramuka, a yankin da a lokacin yake da mahaƙa kusan rabin miliyan. Daga 1975 kasuwar ƙarafa ita ma ta faɗi. Krupp ya haɗiye Hoesch a farkon shekarun 1990, a 1999 ya haɗe da Thyssen, a 2001 aka kashe tanderun Dortmund. Kamfanin Shagang na ƙasar Sin ya sayi masana'antar, ya turo ma'aikata suka kwance ta gunduwa-gunduwa, aka sake haɗa ta a bakin kogin Yangtze. Ka lura, can ma bakin ruwa aka kai ta.

Baƙuwar Duisburg ta amsa:

Ina gaida malamai. Ni ba masaniya ba ce, aure ne ya kawo ni wannan gari, amma zan faɗi abin da idona ya gani. Har yanzu ana narka ƙarfe a nan, kuma Duisburg ce wurin da ya fi kowane samar da shi a Turai, sai dai kwal ɗin duk daga waje yake zuwa, tun da aka rufe rami na ƙarshe, Prosper-Haniel da ke Bottrop, a watan Disamban 2018.

Abin da tsofaffin garin ba sa mantawa shi ne abin da ya faru a unguwar Rheinhausen. A ƙarshen 1987 aka sanar da rufe masana'antar Krupp da ke can, mai ma'aikata fiye da 5,000. Sai suka fito da matansu da 'ya'yansu, suka tare gadar da ta haye Rhine, aka yi kwana 160 ana fafatawa, kuma har yau Gadar Haɗin Kai ake kiranta. Sun jinkirta abin ne kawai, domin a 1993 an rufe ta, filin kuma yanzu wurin sauke kwantenoni ne. Da yawa daga cikin ma'aikatan nan Turkawa ne da suka zo bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Jamus ta ƙulla da Turkiyya a 1961, kuma a unguwar Marxloh, a inuwar hayaƙin masana'anta, zuriyarsu ta gina babban masallacin da aka buɗe a 2008.

Tsohuwar masana'antar unguwar Meiderich da aka kashe a 1985 ba a rushe ta ba, wurin shaƙatawa aka mai da ita. Na taɓa hawa har ƙololuwar tanderun da yarana, ƙafafuna suka yi kwana biyu suna ciwo. Ramin Zollverein na Essen yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 2001, inda masana'antar Hörde take kuwa yanzu tafki ne da gidajen masu hali. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, saboda ramukan da aka bari ƙasa ta lotsa, a wasu wurare fiye da mita 20, don haka dole injuna su yi ta janye ruwa dare da rana, in ba haka ba unguwanni da yawa za su nutse. Aikin har abada suke kiransa.

Ɗan Maƙera ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Injiniya da Hajiya. Yanzu na fahimta. Amma Injiniya, ranka ya daɗe, ka sa na tuna da tamu masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda take bakin kogin Neja ga kuma tamar Itakpe a kusa. A wannan ma'auni naka, ashe ba ta fi Ruhr sa'a ba?

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

A taswira haka ne, ɗana. An ba kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet kwangilar a 1979, kuma tsarin irin na Ruhr ne, wato babban tanderu mai cin gasasshen kwal. To, kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa, na Obi da ke wajen Lafiya yana gasuwa amma toka da farar wuta sun yi masa yawa, saboda haka dole a kawo daga waje. Tamar Itakpe ƙarfen cikinta bai kai kashi 40 cikin 100 ba, sai an niƙa an tace kafin ta shiga tanderu. Neja kuma ba Rhine ba ne, domin da rani ruwansa yana ja da baya, manyan jirage ba sa hayewa, layin dogon da zai kai Warri kuwa sai a 2020 aka ƙaddamar da shi. Babban tanderu idan aka kunna shi ba a kashewa sai bayan shekaru, kuma kullum sai an zuba masa dubban tan na kaya. Na Ajaokuta har yau ba a taɓa kunna shi ba.