Neman irin kanannado na asali kafin ruwa ya sauka

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Don Allah taimako nake nema, muna da 'yar gonar gado ta wajen Gezawa, bana maigida ya ce mu noma da kanmu mu daina ba da aro. Ina zan samu irin wake kanannado na asali da dawa kaura? Ba na son wannan na leda da ake ta surutu a kai, irin na iyaye nake so wanda za mu ajiye mu sake shukawa baɗi

Auwalu Dawanau: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki shigo Dawanau, layin 'yan wake, akwai shi buhu-buhu

Baffa Ado: Auwalu kai dai kasuwarka kake ci. Waken ci daban, waken iri daban. Abin da ke Dawanau daga ƙauye goma aka tattaro shi aka zuba buhu ɗaya, har da na Nijar, wani ma an yi masa magani. Ta ina za ta gane?

Auwalu Dawanau: Baffa ai wanda ya san wake ya san kanannado ko da daddare, ƙwayarsa manya ce

Malam Sabo Kurna: Hajiya ki tsaya ki ji nawa kafin ki sayi komai. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana da wata jar masara da yake shukawa a bayan gida tun muna yara, ba ta da girma sosai amma tana nuna da wuri, lokacin da gero bai iso ba ita muke gasawa. Duk shekara sai ya zaɓi goyon da ya fi cika, ya ja ɓawon baya ya ɗaure su bibbiyu ya rataye a saman madafa inda hayaƙi ke bugunsu, ba ƙwaron da ke taɓawa. Bayan rasuwarsa na ci gaba da haka wajen shekara huɗu, sai wata shekara wani mai shagon kayan noma ya cika ni da daɗin baki ya sayar min da iri a leda mai hoto, an rina shi da jan magani, ya ce buhuna zai ninka. Gaskiya ba zan yi masa ƙarya ba, shekarar farko ta yi kyau, amma sai da na zuba taki har aljihuna ya yi kuka. Ganin haka na ce me zan yi da tsohuwar, muka surfe ta muka yi tuwo, wallahi har wadda ke rataye a madafa. Da damina ta zagayo na ɗebi iri daga sabuwar na shuka kamar yadda muka saba, sai gona ta fito kamar an tara yaran unguwa, wannan dogo wannan gajere, wani goyo rabi babu ƙwaya. Na koma wajen mutumin ya ce ai Malam wannan kowace shekara sabo ake saya, to me ya hana ka faɗa min tun farko? Na bi 'yan uwa har Ɓagwai ina neman ta Baba, wanda duk na tambaya sai ya ce shi ma ya bari. Kuɗin da na yi asara ban damu da su ba kamar wannan jar masarar, yau shekara nawa ban sake ganin irinta ba

Maman Hanifa: Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba, ya mayar maka da alheri Malam

Injiniya Nura: Amin. Amma Malam Sabo da girmamawa, abin da ka saya ɗin ba GMO ba ne, iri mai aure ne. Uwa daban uba daban ake haɗawa, 'ya'yan farko su yi ƙarfi, jikoki su watse, shi ya sa ba a ajiye shi. GMO, wato wanda aka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin bincike, wani abu ne daban, kuma a ƙasar nan waɗanda aka saki wa manoma ba su da yawa, auduga a 2018, wake SAMPEA 20-T da aka amince da shi a 2019, sai masarar TELA a 2024. Mu daina kiran duk abin da ke cikin leda GMO

Malam Sabo Kurna: Injiniya ni ko aure ya yi ko bazawari ne, abin da na sani shi ne ya raba ni da irina ya mayar da ni mai zuwa shago duk shekara

Ɗan Hajiya: Hhhh bazawarin iri, Malam ka gama da ni

Injiniya Nura: Waken SAMPEA ɗin ma ai don tsutsar nan da ke huda fure da kwanso aka yi shi, an ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt aka saka masa. Masu shi sun ce feshi biyu ya isa maimakon shida zuwa takwas. A cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru aka yi aikin

Auwalu Dawanau: Ashe daga Zariya ya fito, to magana ta ƙare. Abin da Bazazzagi ya taɓa ai sai da bismillah

Usman Bazazzagi: Auwalu bawana ka yi a hankali, ku Kanawa ba don mu ba har yanzu da sungumi kuke bin ƙasa kuna ƙirga kwabo

Auwalu Dawanau: Kwabon ne ya ciyar da ku ai

Anti Bilki: Ku bar wasan nan tukuna. Injiniya ni tambayata ɗaya ce, in na je Kasuwar Rimi na ce a auna min kwano biyu na wake, wa zai ce min wannan na Bt ne wannan na gargajiya ne? Babu takarda a jikin kwano. Hukumar NBMA mai sa ido kan GMO tun 2015 aka kafa ta, amma ni ban taɓa ganin tambari a kan buhun hatsi ba balle a ƙosan da nake saya wa yara da safe. Wanda ke so ya ci, ban hana shi ba, ni dai a bar min zaɓi. Ita masara kuma iska ce ke kai mata aure, in maƙwabcinka ya shuka tasa ta shiga taka ko ka so ko ka ƙi

Injiniya Nura: Maganar tambari na yarda da ke Anti, wannan gaskiya ce. Wake dai da kansa yake barbara, da wuya ya gauraya, masara ce abin lura

Baffa Ado: Ku tambayi mutanen Burkina Faso. Sun rungumi audugar Bt, daga baya zarenta ya gajarce 'yan kasuwa suka rage mata daraja, a 2016 suka ajiye ta suka koma tasu. Su da yake suna da tasu a ajiye kenan

Ɗan Hajiya: Ni fa an ce yana hana haihuwa

Anti Bilki: Ɗan Hajiya don Allah kar ka ɓata mana hujja da an ce an ce. Irin wannan maganar ce ke sa a mayar da mu jahilai. Ko su Nnimmo Bassey na ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF da suka daɗe suna wannan faɗan, babbar maganarsu wa ke riƙe da iri, kuma me zai rage wa ƙaramin manomi

Ɗan Hajiya: Tuba nake Anti, kai ma Auwalu kana da 'ya'ya tara ai ka ci wake

Baffa Ado: Abin da ba a lissafawa shi ne harawa. Kanannado yaɗo yake yi a ƙarƙashin gero da dawa, sai an yanke gero ya samu rana ya buɗe, ya yi fure da sanyin kaka. Ka tsinci wake, ka naɗe harawa ka ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, da rani ka turke rago da ita ko ka sayar. Sababbin nan masu tsayuwa tsaye suna nuna da wuri amma ganyen nawa ne? Haka gero, zango da maiwa kowa da lokacinsa, in ruwa ya yaudari ɗaya sai ɗayan ya riƙe gida. Iyayenmu da suke cakuɗa abu uku huɗu a gona ɗaya ba wauta suke ba. Gurjiya ma yanzu sai ka sha yawo, ibura kuwa yaran yanzu ko sunan ba su sani ba

Usman Bazazzagi: Ibura da acha ku zo wajenmu, kudancin Kaduna da Filato har gobe ana nomawa

Maman Hanifa: Jama'a na gode da ilimi amma har yanzu ba a ce min ga inda zan je ba fa

Malam Sabo Kurna: Hajiya kar ki nema a birni. Tunda gonarku na Gezawa, ki sa a tambayar miki tsofaffin matan ƙauyen, su ne ke ɓoye iri a tukunya da toka ko a cikin jarka an toshe baki. Ki tafi da goro da ɗan sabulu, ki ce na iri kike so, kuma ki tambayi wanda ya noma shi da hannunsa. Kaura kuma ki nemi a ba ki da zangarniyarta, kin ga kanta da idonki, ba wadda aka sussuke ba

Anti Bilki: In kin samu ki gwada kafin ki kai gona, ɗebi ƙwaya ashirin ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana huɗu biyar ki ga nawa suka tsiro. Sannan wajen ajiya ki nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki ɗaure kowacce daban, iska ba ta shiga ƙwaro ya mutu da kansa. Kar wani ya ce ki zuba piya-piya, irin wannan maganin ne ya sa Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015

Auwalu Dawanau: Buhun akwai shi a wajenmu, wannan dai Baffa ba zai ce na ƙauye ya fi ba

Baffa Ado: Hajiya ina da kanannado kamar tiya ɗaya da ya rage min daga na bara, na wajen yayata ne a Minjibir. Zan ba ki rabi amma da sharaɗi, in kin girbe ki dawo min da kwano ɗaya, ki kuma ba wa wani

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri Baffa, na yarda. Zan turo Hanifa da ƙaninta ranar Asabar bayan la'asar

Injiniya Nura: Baffa ni ma a saka ni a layin baɗi

Malam Sabo Kurna: Au, kai da feshi biyu?

Usman Bazazzagi: Malam Sabo wai jar masarar nan ƙwayarta ƙanana ce masu tauri, totuwar ma ja? Akwai wani dattijo a wajen Giwa da na taɓa gani da irinta, in na je gida sallah zan ɗauko maka hoto ka duba