Shekarata 48, ni kaɗai: in tafi waje ko in zauna Maradi?

Mai gyaran kilim: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Shekarata 48. Shekara 13 na yi ina gyaran kilim da firiji a wani kamfani nan Maradi, bara suka rufe. Uwar yarana ta rasu shekara uku ke nan. Ƴata tana ɗakin mijinta a Tasawa, ɗana namiji kuma yana shekara ta biyu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Wani dillali ya ce zai sama mini aikin hannuna a Saudiyya in na ba shi miliyan ɗaya da rabi na sefa. Wani abokina kuma yana ta kirana in same shi Abijan. Kuɗin dillalin ba ni da su sai in na sayar da filina na Ali Dan Sofo. Abin da ke hana ni barci shi ne, in na tafi yanzu, ina zan tsufa, kuma da me?

Alhaji na Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mai ɗakinka. Ƙanena, shekara 11 na yi a Jidda ina aikin lantarki, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka. Fara da miliyan ɗaya da rabin nan. A dokar aiki ta Saudiyya, mai ɗaukarka aiki shi ke biyan kuɗin kawo ka, da kuɗin iƙama (takardar izinin zama), da lasisin aiki, da tikitin komawarka gida in kwantiragi ya ƙare. To, dillalin naka kuɗin me yake karɓa? Ka tambaye shi, ka kuma ce ya nuna maka bizar da kwantiragin a rubuce. In bizar Umra ce, ba ta aiki ba ce, ranar da ta ƙare ka zama mai wasan ɓuya da ƴan sanda har a kai ka tarhil, inda ake tsare baƙi kafin a mayar da su gida. Mutanenmu nawa suka shekara ashirin a haka, ba sa iya zuwa jana'izar uwa.

Sai maganar tsufa da ka yi, wadda ita ce babba. Baƙo ba ya da fansho a can. Abin da ke gare ka shi ne kuɗin sallama ranar da ka gama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, daga nan albashin wata cikakke a kan kowace shekara. In kai ka ajiye aikin da kanka kafin ka cika shekara biyu, ko riyal ɗaya ba ka da shi. Iƙamarka kuma a jikin aikin take, aiki ya ƙare zama ya ƙare. Ni na dawo ina da 57, gwiwa ta mutu, kuma abin da ya rufa mini asiri shaguna biyu ne da na gina da kaɗan-kaɗan ina can. Ƙarfinka suke saye. Aikin kilim kuwa a kan rufin bene ake yinsa, cikin zafin da ya sa gwamnati da kanta take hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Ban ce kada ka je ba. Akwai kuɗi, akwai kuma ɗakin Allah kusa da kai. Amma ka je da ranar dawowa a zuciyarka, shekara huɗu ko biyar, kuma kada ka sayar da fili.

Mushe mai ritaya: Malam, kafin Jidda ko Abijan, akwai tafiyar da ta fi su kusa: ofishin CNSS, asusun fanshon ma'aikatan kamfanoni. Ka ce shekara 13 ka yi, wata 156 ke nan, in har kamfanin ya zuba abin da yake cirewa daga albashinka. Na ce in har, domin ƙanen matata ya yi shekara 9 a wani wuri ana cire masa duk wata, da ya je dubawa ya tarar shekara huɗu kawai aka zuba, masu wurin kuma sun watse. Ka tattara takardun albashinka da lambarka, ka sa a fito maka da lissafin watanninka a rubuce. Ka tambaye su nawa ya rage ka cika sharaɗin samun fansho, da yadda mutum ke ci gaba da zubi in ba ya ƙarƙashin kamfani. Shekarar fansho a wurinsu 60 ce, saura maka 12. Ni nawa ta asusun CARENI yake fitowa tunda ma'aikacin gwamnati ne ni, ba shi da yawa, amma buhun hatsi da kuɗin magani ba na roƙon kowa. Kada ka tsallake abin da ka riga ka tara ka tafi neman sabo.

Mai gyaran kilim: Mushe, wallahi ban taɓa zuwa na duba ba. Takardun suna cikin akwatin marigayiya, ita ke adana su.

Hajiya ta Bagalam: Ni dai Abijan zan ce, in tafiyar ta zama dole. Shekara sama da ashirin ina zuwa saro kaya. Kuɗinmu ɗaya da su, jikar da ka samu a Adjame jika ce a kasuwar Maradi, ba ruwanka da ɗan canji. Mu da ke bakin iyaka mun ga yadda naira ta yi da waɗanda suka tara a Kano, mutum ya yi shekara yana wahala ya zo Dan Issa ya canza, abin ya koma ba komai. Ga Abijan da zafi da danshi, kilim da firiji ba sa hutawa. Amma ka shirya wa haya: mai gida zai ce wata biyu na gaba, wata biyu na ajiya, dillali kuma nasa wata guda, tun ba ka kwana ba. Ka sauka wurin abokin naka wata uku ka gwada. In ta yi, ka nemi ɗaki. In ba ta yi ba, kuɗin mota kawai ka yi asara. Ka tafi da fasfo mai rai da katin rigakafin shawara, in ka isa ka yi katin ofishin jakadancinmu. Tun da muka fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, ni ba na taka ko'ina da katin ɗan ƙasa kaɗai.

Ɗan Mokoyo a Kanada: Baba, ban ga ka ambaci nan ba, amma na san za a zo maka da maganar. Tsarin da Kanada ke ɗaukar ma'aikata da shi maki ne, kuma wanda ya kai 45 ba ya samun ko ɗaya a ɓangaren shekaru. Faransanci na taimakawa, amma cike wannan giɓin da wuya. A Amurka kuma sai ka yi aikin da ake cire maka haraji na kusan shekara goma kafin ka cancanci kuɗin tsufa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka biza ta Facebook ko WhatsApp, ka toshe shi. Ni da nake da 31 ma, sallar farko da na yi a nan cikin ɗaki na yi ta ni kaɗai, na kira Inna ina kuka.

Wanda ya dawo ta Assamaka: Abu ɗaya zan roƙe ka, Yaya. Kada wani ya ja ka ta hanyar Agadas zuwa Aljeriya wai akwai aikin gini. Ni na yi wata 14 a Tamanrasset. Da aka kama mu, a iyaka aka zube mu da dare, muka taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka. Akwai wani dattijo sa'anka a cikinmu, mu biyu muka riƙa tallabarsa. Kuɗin aikina na wata uku suna can hannun mutumin da na yi wa.

Malama ta asibiti: Kafin ka ba kowa ko dala, ka zo a auna ka. Hawan jini, suga, ciwon hanta, da hoton ƙirji. Ƙasashen Larabawa na Gulf ba sa ba da bizar aiki sai an yi gwajin lafiya, kuma ciwon hanta nau'in B yana kayar da mutane da yawa waɗanda ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Na ga wanda ya sayar da gonarsa, sakamako ya fito, ba tafiya ba gona. Sannan Malam, ka yi haƙuri da tambayata: kuɗi ne ke korarka daga garin nan, ko gidan ne ya yi maka faɗi?

Mai gyaran kilim: Malama, kin taɓo wurin. Abinci ba ya gagarata, ina samun ƴan gyare-gyare. Amma in na dawo daga sallar isha'i na buɗe ƙofa, ba mai ce mini sannu da zuwa. Butarta tana nan inda ta bar ta a gindin dalbejiya, na kasa ɗauke ta. Sai nake ga kamar in na bar garin zan huta.

Alhaji na Sabon Gari: Allahu akbar. Ƙanena, a Jidda mu shida muke kwana ɗaki ɗaya, gado bisa gado, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan ɗakin ba. Wanda ya tafi da baƙin ciki, da shi yake sauka.

Liman na unguwar Zariya: Shekara uku ta isa, Malam. Ka yi aure. Akwai zawarawa masu mutunci da yawa a garin nan.

Hajiya ta Bagalam: Allah gafarta Malam, gaskiya ne, amma a bar shi ya tsayar da ƙafarsa tukuna. Kada ya ɗauko ƴar mutane wata biyu ya bar ta da waya ya tafi Abijan. Irin waɗannan matan suna zuwa shagona kullum, aure a baki, miji a hoto.

Mai gyaran kilim: Na ji duka, Allah ya saka da alheri. Alhaji, ga hoton takardar da dillalin ya turo mini ɗazu da na matsa masa. Da Larabci take, ka duba mini.

Alhaji na Sabon Gari: Na duba. A gurbin sana'a an rubuta direban gida. Babu kilim ko firiji a ciki. Wannan rukunin masu aikin gida ne, dokarsu daban, kuma sassaucin da aka yi a 2021 na barin ma'aikaci ya canza wurin aiki bai haɗa da su ba. In ka shiga da ita aka kama ka kana gyaran kilim a wani wuri, kai ne mai laifi.

Mai gyaran kilim: Ni da ko permi ba ni da shi. Inna lillahi. Gobe ne fa muka yi da mai sayen filin zai kawo kafin alƙalami. Yanzu zan kira shi in ba shi haƙuri. Mushe, Litinin in Allah ya kai mu za ka iya raka ni CNSS? Ban san ta inda ake farawa ba. Abijan kuma zan ce wa abokina sai bayan girbi, wata uku, kamar yadda Hajiya ta ce.

Mushe mai ritaya: Ƙarfe takwas ka same ni gida, mu tafi a babur ɗina. Ka zo da takardun duka, har waɗanda suka yage.

Mai ƙanƙara ta Mokoyo: Malam, ni ban da shawarar waje, amma firiza biyu gare ni sun daina daskarewa tun makon jiya, yara sun cika musu gas sau biyu abin bai tsaya ba. In kun fito daga CNSS ɗin ka biyo da kayan aikinka, gidan yana bayan masallaci, zan turo yaro ya tsaya maka a bakin hanya.