Me za mu kira sauyin da ƙarshen suna yake yi a wasu harsuna?

Jama'a, tambaya ce ta taso a zaurenmu na karatu a nan Katsina, lokacin da wani ɗalibi ya nemi sanin dalilin da ya sa ake karanta Yusufu a wata aya, a wata kuma Yusufa, alhali Annabi ɗaya ake nufi. Masana nahawun Turawa suna kiran wannan sauyi diklenshin, mu kuma har aka tashi ba mu daidaita a kan kalmarsa ta Hausa ba.

Asalin sunan daga Ibrananci ne, Yosef, ma'anarsa kuwa Allah Ya ƙara. Daga nan ya bazu, ya zama Yusuf a Larabci, Giuseppe a Italiya, José a Sifen. Wannan ɗaukar suna ce daga harshe zuwa harshe, ba ita nake nufi ba. Abin da nake nufi shi ne sauyin da sunan yake yi cikin harshe ɗaya gwargwadon matsayinsa a jimla. Mutanen Folan suna cewa Józef, amma in mallaka ake nufi sai ya koma Józefa, in kuwa kiransa ake yi sai a ce Józefie.

Hausa ba ta yin haka. Kakanninmu sun riƙe siga ɗaya mai rufu'a, wato mai ƙarewa da wasalin u, ko dai daga Larabcin ko don harshenmu ya fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa muke cewa Muhammadu Dikko da Umaru Dallaje ko a wane gurbi suka faɗo, Yusufu kuma har ya zama Isufu a bakin mutanen karkara.

Wani dattijo ya ce a kira shi li'irabi kawai, tunda haka malaman zaure suka sani. Allah Ya gafarta Malam, hujjarsa tana da ƙarfi, sai dai malaman Hausa na boko sun riga sun ba wa li'irabi aikin feɗe jimla, har suna zana bishiyar li'irabi. Tasarifi kuma, wato ilimin ƙirar kalma, ya yi faɗi da yawa, domin ya haɗa da jam'i da jinsi.

Ni dai na karkata ga juyin suna, a kuma kira harufan da ke sauyawa ɗafa-ƙeyar matsayi, tunda ɗalibanmu sun saba da ɗafa-ƙeya tun daga sakandare. Mai kalmar da ta fi wannan dacewa ya kawo ta, amma ya fara gwada ta a kan Yusufu da Yusufa.