Wa Ke Duba Tiyar Mai Ƙidaya?

Ɗan Dala:
Salamu alaikum. Ga baitoci kan ƙidayar jama'a, amsa-amonsu "ya". Mai amsawa ya biyo ni da shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Sarkin da ya san adadin duniya.

Malamai ku ba ni aron kunne,
Yau na zo muku da tambaya.

Tun 2006 aka ƙirga mu,
Har yau ba a sake ƙidaya.

Miliyan 140 aka ce muke,
Da 'yar ɗoriya, a Nijeriya.

Abin da ya biyo hasashe ne,
Ana ɗora kaso kan na jiya.

Da yawan jama'a ake rabon kuɗin ƙasa,
Da kujerun majalisar tarayya.

Mai awon gero a Dawanau ma,
Akwai masu duba masa tiya.

To hukumar da ke ƙirga mu fa,
Wa ke bin sawunta a baya?

Malamar Lissafi:
Wa alaikumus salam, ƙanena.

Tsarin mulki bai yi shiru ba,
Sashe na 213 ya shata hanya.

Rahoto in ya kammala a kai shi
Ga Shugaban Ƙasa, matakin ɗaya.

Majalisar Magabata ta duba,
A karɓa ko a mai da shi baya.

In ta ce akwai kure a cikinsa,
An yar da shi, babu jayayya.

Kwamishinonin ƙidaya su sauka duka,
Doka ce wannan, ba tatsuniya.

Tsohon Mai Ƙidaya:
Malama, Allah ya ƙara sani. Ni na riƙe fom a 2006, bari in sa baki.

Su wa ke zaune a majalisar nan?
Gwamnoni ne mafi yawa, Hajiya.

Kowa jiharsa yake son ta fi,
Domin adadi shi ne moriya.

Jimla kawai ke isa gabansu,
Ba su ga yadda aka bi hanya.

Ni na bi lungu ina sa lamba
Jikin ƙofa tun da safiya.

Duk wanda na ƙirga in sa tawada
A babban yatsa, shaidar gaskiya.

Gidan ba-shiga na tsaya zaure,
Maigida ke lissafo 'ya'ya.

Ya ce tara ne, ban ga tara ba,
Biyu na makaranta, ɗaya tafiya.

In sa su ko kuwa in bar su?
Nan fa aikin ya yi wuya.

Almajiri ƙauyensa za a sa,
Ko inda ya kwana, a tsangaya?

Fulani sun tashi daga ruga,
Ina za a cim ma makiyaya?

Waɗannan su ne ainihin aikin,
A nan ake samun ragi da ɗoriya.

Mai dubawa ya san wannan fanni,
Ba mai neman ƙuri'a da murya.

Baba Na Zazzau:
Yara, ciwon nan ya girme ku.

An yi ta 1962 aka soke,
Ƙasa ta ruɗe da hayaniya.

Aka sake a 1963,
Miliyan 55 da rabi da ɗoriya.

Okpara, Firimiyan Gabas, ya ƙi yarda,
Har Kotun Ƙoli ya yi tafiya.

Gowon ya yi tasa a 1973,
Kusan miliyan 80, sai jayayya.

Murtala ya zo a 1975,
Ya soke ta duk gaba ɗaya.

Ta 1991 ba ta kai miliyan 89 ba,
Hasashen da aka yi ya sha kunya.

Duk sokewar nan ikon mulki ne,
Ba binciken masu masaniya.

Ɗan Agege:
Baba, a gafarce ni, daga Legas nake, in kawo namu.

Kano miliyan 9.4 aka ba ta,
Legas 9.1, tana biye baya.

Gwamnatin Legas ta yi nata ƙirgen,
Ta ce 17.5 ne gaskiya.

Kotun ƙidaya a 2013
Ta ji ƙorafi ta tsaya.

Ƙananan hukumomi 14
Ta ce a sake musu ƙidaya.

Shekara bakwai kafin hukunci,
An riga an yi rabo, an sha moriya.

Ɗan Dala:
Ɗan uwa, ba na musun Kano da Legas,
Musun ba zai kai mu ga tsakiya.

Ƙirgen Legas ma wa ya duba shi?
Mai ƙara ne ya yi, ba kariya.

Da akwai alƙali tun daga farko
Da kowa ya yi masa biyayya,

Da ni da kai mun karɓi adadi,
Ko bai yi daɗi ba a zuciya.

Malamar Lissafi:
Na karɓi gyaran Malam mai ƙidaya. Amma akwai ma'aunin da masana suka sani, ban ji an ambata ba.

Bayan an gama akan bi diddigi,
A zaɓi unguwanni a kewaya.

Sabbin ma'aikata su sake ƙirge,
A gwama suna da suna ɗaya-ɗaya.

Nan za a ga wa aka tsallake,
Da wanda ya fito sau biyu a ƙidaya.

Kaso nawa ne kuren, a faɗe shi,
Faɗin kure ba abin kunya.

An yi wannan bayan ta 2006,
Sai dai hukumar ce ta shirya.

Nan ne nake da ja, 'yan uwana,
Hannun da ya yi shi ya waiwaya.

Dokar ƙididdiga ta 2007
Ta ba mu wata hukuma a tarayya.

A ba ta bin diddigin, da jami'o'i,
Kuɗinsu daban, ba a riƙe wuya.

Tsohon Mai Ƙidaya:
Madalla Malama. In ƙara ɗaya.

An sa sabuwar ƙidaya Mayun 2023,
Buhari ya ɗage ta, aka tsaya.

An ce da na'ura za a yi yanzu,
Fom ya koma cikin waya.

Gana ta yi haka a 2021,
Miliyan 30.8, an gama lafiya.

Na'ura na kama wurin da ka je,
Mai cika fom a ɗaki ya sha wuya.

Amma bayanan in sun isa Abuja,
Wa ke da mabuɗin ma'ajiya?

Dokar gyara da cike gurbi,
A buga ta kafin a fara tafiya.

Taswirar yankuna a manna ta
Ƙofar mai unguwa, kowa ya iya

Ganin ko an sa layin gidansu,
Ya kai ƙorafi tun da safiya.

Ɗan Agege:
Malam, na yarda, sai dai sharaɗi:
Sakamako ya sauko har gunduma ɗaya.

Jimlar jiha ba ta ishe ni ba,
Ta Agege nake so in tsinkaya.

Kotun kuma a yanke mata wa'adi,
Hukunci ya riga rabon dukiya.