Wai dajin huhu ciwon maza ne?

Lawali: Salamu alaikum. Jiya a fada muka kwana gardama, ni dai na kafe dajin huhu ciwon maza ne. Mu ke busa sigari, yara kuma sun rungumi shisha. Duk Damagaram ina kuka taɓa ganin mace da karan taba a baki?

Hadiza: Yaya Lawali, to innata fa? Ko ashana ba ta taɓa kunna wa taba ba. Shekara talatin tana tuƙa tuwo a madafa marar taga, da damina ga ɗanyen ice, rufin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Wata shida tana shan maganin tarin fuka, sai da aka tura mu Yamai aka ce daji ne.

Lawali: Allah ya ba ta lafiya ƙanwata. Amma ai mutum ɗaya ce.

Malam Isufu: Lawali, rabin gaskiya ka riƙe. Taba ce ke jawo kusan kashi 85 cikin ɗari, shi ya sa maza suka fi yawa cikin mutum miliyan 1.8 da ciwon ya kashe a 2022. Amma in ka ware majinyatan da ba su taɓa sha ba, mata ne a gaba. Nasu yawanci a gefen huhu yake tsirowa, sai ya yi nisa ba tari sosai. A Amurka tun 1987 ya wuce dajin mama wajen kashe mata. A Shuwanwai ta ƙasar Sin kuwa mata ba su cika shan taba ba, hayaƙin kwal na girki ne ya yi musu ɓarna.

Lawali: Kwal ka ce Malam. Mu ice muke ƙonawa.

Malam Isufu: Haka ne, na kwal an tabbatar, na ice masana sun ce zargin yana da ƙarfi, ba su yanke ba. Abin da ke sanyaya rai, mata sun fi maza jurewa bayan an fara magani.

Hajiya Mariyama: Ku bar zancen Sin. Maigida ya rufe ɗaki lokacin sanyi ya kunna sigari, wa ke shaƙa? Matar da ke zaune da mai sha haɗarinta na ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30. Lawali, kai a ina kake sha?

Lawali: Haba Hajiya, a zaure mana.

Hadiza: Zauren da ƙofarsa ke kallon ɗakin amaryarka?