Na gama littafina, in buga a takarda ko in sayar a waya?

Maman Ilham: Salam 'yan uwa, don Allah shawara. Na kammala littafina na farko, ina Zariya. Maigidana ya ce zai ba ni dubu 300 in buga amma da sharaɗi kar sunana na gaskiya ya fito a bango, ni kuma gani nake masu karatun duk sun koma WhatsApp. Ya zan yi?

Ummu Sultan: Ki fara sa shi kyauta a Wattpad, manhajar da ake sa labarai a karanta, ki tara masoya tukuna.

Maman Ilham: Anti ai na daɗe ina sa kyauta, maganar bugu nake.

Anti Rabi: Hmm bugu! Ni da na buga kwafi 1000 na kai wa wani mai shago ya ce sai an sayar zai biya, na yi ta zarya kullum "Hajiya kasuwa ba ta tafiya", ran da na leƙa ciki na gan su a ƙasan kanta ƙura ta rufe su ko igiyar ba a kwance ba. Abin haushin da yayana ya je a take aka ƙirgo masa rabin kuɗin, wato ni da na rubuta ban isa ba. Sauran suna ƙarƙashin gado gara na ci.

Baban Walid: Dubu 300 ba za ta buga kwafi 500 ba yanzu, takarda ta yi tsada.

Zee: Haba malam, ƙawata da dubu 180 ta buga.

Baban Walid: Da takardar ƙunshin ƙosai ko? 😂

Anti Rabi: Malam ka taɓa buga ko ƙasida? Ku maza ba kwa karanta mu, sai shawara.

Baban Walid: Ina karantawa mana, a wayar madam in ta yi barci.

Ummu Sultan: Ni sharaɗin sunan nan ne ban gane ba. Hafsat Abdulwaheed tun 1980 ta fito da So Aljannar Duniya da sunanta, Balaraba Ramat ma haka, ga gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC tun 2016 mata na cin kyauta ana sa hotonsu. Me za a ɓoye?

Zee: Wayar ma ba sauƙi wallahi. Ki sa wa littafi kuɗi naira 500, mutum ɗaya ta biya ta watsa shi gurup goma, kafin ki farga wani ƙato na karanta shi a YouTube yana cin kuɗinsa ko sallama bai miki ba. Allah ya isa.

Maman Ilham: To ni dai in buga ne ko...

Anti Rabi: Zee wane gurup ne? Nawa ma an ce an gan shi a wani, turo min lambar admin ɗin.